Babi na Bakwai: In Bidiyo Ya Ƙi Tashi a Gaban Jama'a

Duk wanda ya taɓa haɗa taron bita a Bodinga ko Shagari ya san ba a ranar taron wahala take farawa ba. Tun ana saura mako ake kai takarda fadar hakimi, a nemi aron ɗakin taro na sakatariya ko wani aji a makarantar firamare, a tanadi man janareta, a aika saƙo Sifawa da Danchadi da Dingyadi, ko Kajiji da Dandin Mahe da Horo Birni. Wanda zai zo daga can ya bar gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa, ya biya ɗan kabu-kabu kuɗin zuwa, yana kuma lissafin na komawa. Mace ta nemi izinin maigida, ta bar wa babbar 'yarta girki. Duk don a zo a gani da ido, a ji da kunne.

Abin da ake zuwa gani ɗin kuwa, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ba rubutun da ke kan shafukan PowerPoint ba ne. Yawancinsa da Turanci yake, daga Abuja ko Sakkwato aka rubuto shi, kuma da dama daga cikin masu zama a bencin nan karatunsu na allo ne da ajami. Abin da ke shiga kai ya zauna shi ne bidiyon nan na minti uku ko huɗu: hannun ma'aikaciyar lafiya yana ɗiga maganin shan inna a bakin jariri, ko alhazai suna kewaya Ka'aba a gaban maniyyacin da bai taɓa hawa jirgi ba, ko manomi yana jera albasa a rumbun da iska ke ratsawa. Dattawanmu sun san ƙarfin wannan tun zamanin En'e, lokacin da motar majigi ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noman gyaɗa da auduga, mai bayani yana fassara da Hausa. Har yau hoto mai motsi ne ke sa ɗaki ya yi tsit. Idan aka danna shi ya ƙi tashi, rabin darasin ya tafi, kuma mutanen da suka fi buƙatarsa su ne aka fi yi wa asara.

A manyan otal-otal na birni akwai yaron da aikinsa ke nan, yana gefe yana jiran a ɗaga masa hannu. A Shagari kai ne mai jawabi, kai ne mai gyara, wanda ya san kan abin sosai kuwa sau da yawa yana can cikin Sakkwato. Shi ya sa na ware wa wannan matsala babi guda. Na lura mafi yawan masu gabatarwa, da zarar abin ya faru, sai su hau danne-danne ba tsari, su kashe kwamfuta su kunna, su zare waya su mayar, gumi yana karyo musu. Alhali dalilan ba su da yawa, kuma kusan dukkansu ana iya gano su tun a gida.

Fara da tambayar da mutane ke ganin ta yi sauƙi da yawa: bidiyon yana cikin fayil ɗin kuwa? Manhajar PowerPoint ta 2007 da waɗanda suka gabace ta ba sa haɗiye bidiyo. Suna rubuta adireshin wurin da yake a cikin kwamfutarka ne kawai, su ajiye hotonsa na farko a kan shafi. Ka kwafi fayil ɗin jawabin a filas, ka bar bidiyon a gida, ka je Bodinga ka danna: hoton yana nan, amma manhajar ta bi adireshin ba ta tarar da komai ba. Daga ta 2010 ne aka fara saka bidiyo a cikin fayil ɗin kansa, shi ma sai in an ajiye shi da sabon tsari, wanda sunansa ke ƙarewa da pptx. In wani a shagon buga takardu ya mayar maka da shi tsohon tsari na ppt don tsohuwar manhajarsa ta iya buɗewa, ko ya mayar da shi PDF don ya yi sauƙin turawa, bidiyon ya zama hoto sandararre. Gane wannan ba wuya. Dubi nauyin fayil ɗin. In bidiyonka megabait 60 ne, jawabin duka kuma megabait 2, to ba ya ciki.

Haka bidiyon da aka ɗauko daga YouTube aka manna a shafi. Shi ma adireshi ne, sai da intanet zai tashi, kuma kowa ya san yadda sabis yake da zarar an sauka daga titin Sakkwato zuwa Jega an nausa cikin ƙauye. Tsofaffin jawabai da aka haɗa da manhajar 2010 sun fi shiga uku, domin da wata manhaja mai suna Flash suke kunna irin wannan bidiyo, ita kuwa kamfanin Adobe ya daina kula da ita tun ƙarshen 2020. Shawarata a nan ɗaya ce: kada ka dogara da data a ɗakin taro. Ka samu bidiyon a hannu tun kana inda sabis ke da ƙarfi, da izinin masu shi, ka saka shi ciki.

To, a ce yana ciki, nauyin fayil ya nuna haka, amma allo ya yi baƙi, ko wani ɗan rubutu ya fito yana cewa "Cannot play media" ko "Codec unavailable". Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne mafi yawan mutane ke ruɗewa. Za ka ji mutum yana rantsuwa cewa MP4 ne, kuma jiya ya kalle shi a wannan kwamfutar da idonsa. Gaskiya ya faɗa, duka biyun.

MP4 ambulan ne. Wasiƙar da ke ciki tana iya zama da boko, tana iya zama da ajami, ambulan ɗin kuwa iri ɗaya ne daga waje. Wanda ka miƙa wa, in bai iya rubutun da aka yi amfani da shi ba, zai buɗe ya yi ta kallo. Salon rubutun nan shi ake kira kodek, wato hanyar da aka bi aka matse hotuna dubbai su shiga ɗan ƙaramin wuri. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne H.264, an kammala tsara shi a 2003, kuma da wuya ka samu waya ko kwamfuta ko talabijin na zamani da bai iya karanta shi ba. A 2013 aka fito da magajinsa, H.265, wanda aka fi sani da HEVC. Ya fi iya matsewa, bidiyo mai kyau iri ɗaya yakan ci kusan rabin wuri. Saboda haka masu ƙera waya suka rungume shi. Tun 2017 wayoyin iPhone da shi suke ɗaukar bidiyo in ba ka canza ba, wasu wayoyin Android ma haka. Matsalar ita ce akwai kuɗin lasisi a kansa, don haka ba kowace Windows ke zuwa da shi ba. Microsoft na sayar da ƙarin a kantinsa na intanet a kan abin da bai kai dala ɗaya ba. Kuɗin kaɗan ne, amma ga malamin da ke tsaye a gaban mutum hamsin, ba sabis, ba katin da ke biyan dala, wannan ba mafita ba ce.

Ya aka yi kuma mai rantsuwar nan ya kalle shi jiya? Da VLC ya kalla. Wannan manhaja mai tambarin mazugi ruwan lemo, wadda ɗaliban wata makarantar injiniya a Faris suka fara a 1996, tana tafe da nata kodek a cikinta, ba ta roƙon kowa. Ita kuwa PowerPoint da abin da Windows ta iya take dogara. Don haka tashin bidiyo a VLC ba shaida ba ce cewa zai tashi a cikin jawabi. Gwajin da ya fi gaskiya shi ne ka buɗe shi da manhajar kallo da ta zo tare da Windows, ko ma dai ka kunna jawabin kansa ya cika allo ka bi shi har shafin.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman, mu da kwamfutocinmu yawanci na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Na farko, tsufan manhaja. Har yanzu ana samun Office 2007 da 2010 a ofisoshi da makarantu. Ta 2010 ta fi jituwa da tsarin WMV, kuma ba ta kunna MP4 sai an ɗora mata QuickTime, wanda kamfanin Apple ya daina sabunta wa masu Windows tun 2016. Sai daga ta 2013 MP4 mai H.264 da sautin AAC ya zama abin da Microsoft da kansa ke ba da shawara a yi amfani da shi. Na biyu, akwai wata Windows mai harafin N a ƙarshen sunanta, wadda aka yi wa kasuwar Turai bayan hukuncin da Tarayyar Turai ta yanke wa Microsoft a 2004. An cire mata kayan kunna sauti da bidiyo da gangan. In kwamfutarka irinta ce, sai an ɗora mata abin da ake kira Media Feature Pack, aiki na sau ɗaya da mai gyara zai yi maka cikin 'yan mintuna.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne: ka mayar da bidiyon H.264 tun a gida. Akwai manhaja ta kyauta mai suna HandBrake. Ka jefa mata bidiyon, ka zaɓi Fast 720p30, ta fitar maka da MP4 ɗin da kusan kowace na'ura za ta karanta. VLC ma tana iya juyawa. A cikin PowerPoint kanta, in ka shiga File sannan Info, wani lokaci za ka ga maɓallin Optimize Compatibility, da na Compress Media mai rage nauyi. In duk babu waɗannan, ga dabarar da matasa suka daɗe da ganowa: ka tura wa kanka ko abokinka bidiyon ta WhatsApp a matsayin bidiyo, ba a matsayin takarda ba. Manhajar za ta matse shi ta sake tsara shi yadda zai tashi a ko'ina. Kyansa zai ɗan ragu, amma zai yi. Xender da Bluetooth ba sa yin wannan, yadda suka karɓa haka suke miƙawa. Mai iPhone kuma da ke ɗaukar bidiyo don aiki, ya shiga saitin kyamara ya zaɓi Most Compatible, ya huta ya hutar da wanda zai karɓa.

Wani lokaci bidiyon yakan tashi amma yana tafiya yana tsayawa, murya ta yi gaba hoto yana baya. Nan ƙarfi ne ya gaza. Mun ɗauka duk abin da ya fi girma ya fi kyau, sai a ɗauki bidiyo da 4K, wanda kowane hoto nasa ke da ɗigo sama da miliyan 8, a ɗora wa kwamfutar da ta shekara goma tana aiki, a haska da majigin da iyakarsa ɗigo 1024 a kwance 768 a tsaye, wato bai kai miliyan ɗaya ba. Kashi tara cikin goma na wahalar da na'urar ke sha zubar da shi ake yi kafin ya isa bango. 720p ya ishi kowane ɗakin taro da na sani a yankin nan. Kada kuma ka kunna jawabin kai tsaye daga filas. Ka kwafe shi cikin kwamfutar tukuna, domin filas mai araha ba ya saurin miƙa kaya, wani ma na jabu ne, ya nuna ya karɓi fayil alhali ya lalata rabinsa. Ga kuma bairos ɗin nan da ake kwasowa a shagunan kwamfuta, mai ɓoye fayilolin gaske ya bar inuwarsu.

Sai zafi, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba sa ba shi muhimmanci. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato yana wuce digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma bidiyo ne farkon abin da ke nuna alama. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata hanyar iska tun watanni uku baya. Kada a ɗora ta kan darduma ko mayafin tebur mai kauri. A ɗaga bayanta da littafi, a juya mata fanka in akwai. Majigi ma haka, yana da matatar iska da ke son a kakkaɓe, in ya yi zafi sai ya kashe kansa ana tsakiyar kallo. Idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta koma kan batir, ita ma tana rage ƙarfi don ta yi tattali, sai ka canza mata saiti. Ƙaramin janareta kuma, da zarar wani ya jona abu mai jan wuta, sai ya yi ƙasa ya dawo, majigi ya ɗauke na ɗan lokaci, bidiyo ya tsaya. In da hali a sa sitabilaiza a tsakani, a kuma roƙi masu neman cajin waya su dakata har a gama.

Na halarci wata bita ta ungozomomi a wani ƙauye na ƙasar Shagari, kan maganin nan da ake shafa wa cibiyar jariri, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a cikin al'umma tun 2013. Mai koyarwar yarinya ce mai ƙwazo, ta shirya sosai. An rataya tabarmi a tagogi don rana ba ta barin hoto ya fito, an kunna, ga mace a bango tana wanke hannu tana bayani, amma ba sauti ko kaɗan. Wata tsohuwa da ke gaba, ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, ta miƙa wuya ta ce, "Ɗiyata, ga bakinta na motsi, amma ba mu jin abin da taka cewa." Yarinyar ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, yanzu za a gyara," ta ƙure ƙarar kwamfuta har ƙarshe, shiru. Abin da ya faru shi ne igiyar HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare. Da aka jona ta, Windows ta karkatar da sautin zuwa majigin, shi kuwa ba shi da lasifika. Aka taɓa alamar sauti a ƙasan allo, aka zaɓi lasifikar kwamfuta, murya ta dawo, sannan aka jona wata sifika mai caji da wani ya aro daga maƙwabta. Tsohuwar ta gyara zama, ta sa a maimaita wurin da ake matsa maganin har sau biyu, tana kwaikwayo da yatsunta a kan tafin hannunta.

Tsohuwar igiyar VGA mai shuɗin kai ba ta ɗaukar sauti sam, don haka mai amfani da ita dole ya zo da wayar sauti daban. In za ka sayi mahaɗin da ke juya HDMI zuwa VGA, nemi mai ramin sauti a jikinsa. Kada kuma ka yarda da lasifikar kwamfuta ita kaɗai. A ɗakinka da dare tana da ƙara, amma a ɗaki mai mutane da jarirai da kukan janareta a waje, layin gaba kawai za ta isa. Wani lokaci kuma bidiyon yana tafiya a fuskar kwamfuta, a bango kuwa baƙin akwati ne. Danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Duplicate, abin da ke gabanka ya zama shi ne a bango. In bai yi ba, a cikin Options, ƙarƙashin Advanced, akwai wurin da ake hana manhajar amfani da katin hoto lokacin nuni. Sa masa alama ka sake gwadawa.

Sauran ƙanana ne. Fayil ɗin da aka sauke daga imel yakan buɗe a kulle, da wani layi ruwan ɗorawa a sama, sai ka danna Enable Editing. Bidiyon da aka saita sai an taɓa shi ba zai tashi da kansa ba, ka duba ƙarƙashin Playback ka mayar da shi Automatically in haka kake so.

Duk wannan ba ya aiki sai an gwada a kan kwamfutar da za a yi amfani da ita, da majigin, da igiyar, a ɗakin in zai yiwu. Ka isa kafin jama'a, ka bi jawabin daga farko har ƙarshe, ka koma bencin baya ka saurara. Ka ajiye kwafin bidiyon shi kaɗai a fuskar kwamfuta, da VLC a shirye, ta yadda in jawabin ya ƙi sai ka fita ka kunna shi kai tsaye ba tare da kowa ya ƙosa ba. Wani kwafin kuma ya kasance a wayarka. Na ga an raba mutane rukuni-rukuni suna kallo a wayoyi uku bayan janareta ya mutu, kuma saƙon ya isa.

Ka kuma san abin da ke cikin bidiyon har ka iya faɗarsa da baki, ka nuna da hannu. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu, kuma da ya so yara su riƙe labarin ƙasarsu, garuruwa da koguna, sai ya tsara musu shi a waƙe, wadda aka sani da Waƙar Nijeriya. Ya duba abin da ɗalibansa za su iya ɗauka su tafi da shi gida ne, ya ba su ta wannan hanya. Malamin gona da ya zo da albasa biyu a aljihu, ko malamar asibiti da ta zo da 'yar tsana da bututun magani, ba za su tsaya cirko-cirko don allo ya yi baƙi ba.

In an tashi, kada ka naɗe igiyoyi ka kama hanya nan take. Bar majigin ya huce kafin a kashe janareta, zare masa wuta da zafinsa yana rage kwanan fitilarsa. Kafin ya huce za ka ga an kewaye ka ana cewa, "Malam, a tura mana." Nan ne juyawar da ka yi a gida za ta ƙara yin rana. Bidiyo mai H.264 da bai wuce megabait 20 ko 30 ba zai bi ta Xender cikin daƙiƙoƙi, ya tashi a Tecno da itel ba gardama, ya shiga katin memori ya tafi Jaredi ko Tulluwa, inda waɗanda ba su samu zuwa ba za su kalla. Ka sa masa suna da Hausa wanda za a gane, kamar "wankin cibiya" ko "ajiyar albasa", domin wanda ya karɓa ya iya nemo shi a cikin wayarsa bayan wata uku.